Yaron da ya sa madara da zafinta a firiji: laifin mai tambaya ne ko na mai amsa?

Malamin Kimiyya:
Assalamu alaikum, iyaye da abokan aiki. Ina so in kawo wani labari da ya faru da gaske domin mu tattauna a kansa, saboda ya shafi abin da muke fama da shi a aji kullum, wato ka gama darasi ka ce ko akwai mai tambaya, kowa ya sunkuyar da kai.

A shekarar 1963, a makarantar sakandare ta Magamba da ke ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, an yi wani ɗalibi ɗan aji uku mai suna Erasto Mpemba. Yaran makarantar sun saba haɗa askirim da kansu: su tafasa madara, su zuba sukari, su bari ta huce, sannan su saka ta a ɗakin ƙanƙara na firijin makaranta. Wata rana ya ga gurbi yana neman ƙarewa, domin wani yaro ya zuba sukari a tasa madarar ba tare da ya tafasa ta ba ya ruga ya saka, sai shi ma ya ɗauki tasa da zafinta ya tura ciki. Da suka dawo bayan awa ɗaya da rabi, suka tarar tasa ta daskare, ta ɗayan kuwa ta yi kauri amma ba ta kama ba. Ya tambayi malaminsa na fiziks dalili, malamin ya ce masa ya ruɗe ne kawai, hakan ba zai yiwu ba.

Daga baya ya ji masu sayar da askirim a garin Tanga suna cewa su ma da zafinta suke sakawa don ta fi saurin kamawa. Da ya wuce makarantar Mkwawa a Iringa, aka zo darasin ƙa'idar Newton ta yadda abu mai zafi yake hucewa, ya sake tayar da maganar, malamin ya ce masa wannan fiziks ɗin Mpemba ne, ba na duniya ba. Abin ya zame masa tsokana, har ya kai idan ya yi kuskure a lissafi sai a ce ai lissafin Mpemba ne. Ana nan sai Dakta Denis Osborne na kwalejin jami'a ta Darussalam ya kawo ziyara ya yi lacca, aka ba da damar tambaya. Yaron ya miƙe ya ce idan aka ɗauki mazubi biyu iri ɗaya da ruwa daidai wa daida, ɗaya yana digiri 35 ɗaya yana digiri 100, aka saka su a firiji, mai digiri 100 ne yake fara daskarewa, mene ne dalili? Ɗalibai suka bushe da dariya. Osborne ya tambaye shi ko ya gwada, ya ce ya gwada, sai ya ce masa bai san dalili ba, amma zai jarraba idan ya koma. Ya cika alkawari, kuma a 1969 su biyun suka buga sakamakon tare a wata mujallar koyar da fiziks ta Ingila. Har yau da sunan Mpemba ake kiran wannan al'amari.

Tambayata gare mu ita ce: da a ajinmu yaron nan yake, wanne daga cikin malaman nan uku za mu kasance?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Malam, labarin ya yi daɗi, amma ina ganin ba a yi wa malaman farko adalci ba. Wanda ya ce wa yaron hakan ba zai yiwu ba, ba da ka ya yi magana ba. Ruwan da yake digiri 100 dole ne ya sauko ya bi ta digiri 35 kafin ya kai ga daskarewa, kuma kafin ya iso nan ɗayan ya riga ya yi masa nisa. Wannan hujja ce da hankali yake karɓa, kuma ita ce a littafi. Baƙon da ya zo daga jami'a yana da ɗakin gwaji, yana da ma'aikaci, yana da lokaci, kuma lacca guda ya yi ya tafi. Malamin aji kuwa yana da manhajar da dole ya kammala kafin jarrabawa.

A nan ƙasar abin ya fi haka tsanani. Malami yana tsaye gaban yaran da wasu a ƙasa suke zaune, wasu a kan taga, yana da minti arba'in, kuma WAEC da NECO ba za su tambayi yaro abin da ya ɗaure masa kai ba, abin da ke cikin manhaja za su tambaye shi. Sannan kada mu manta ba kowace tambaya ce ta neman sani ba. Duk wanda ya riƙe alli ya san tambayar ƙure, wadda yaro yake yi don ya kunyata malami a gaban aji, ko don ya cinye lokaci har a kaɗa ƙararrawa. Idan malami ya buɗe ƙofa ga kowace irin tambaya, ajin zai fi ƙarfinsa.

Maman Sadiq:
Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Na yarda akwai tambayar ƙure, amma ni a ganina kafin yaro ya iso hannunku mu iyaye mun riga mun gama da shi. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya gajiya da tambaya. Me ya sa wata yake bin mu idan muna tafiya, ina rana take kwana, me ya sa albasa take sa hawaye. Amsar da yake samu a yawancin gidaje ita ce "ka cika surutu", ko "wa ya aike ka", ko a ce yaron nan akwai bin ƙwaƙƙwafi. Idan ya yi tambayar a gaban baƙi kuwa sai a harare shi, bayan sun tafi a ja masa kunne. Muna koya masa cewa shiru shi ne ladabi, sannan mu kai shi makaranta mu yi mamakin ya ƙi buɗe baki. Ga shi kuwa mu ne muke cewa matambayi ba ya ɓata.

Kwanakin zafin nan 'yata ta tambaye ni abin da ya sa ruwan randa yake da sanyi, na jarka kuwa yake ɗumi, alhali a inuwa ɗaya suke. Na kai ta ta shafa jikin randar ta ji damshi, ta shafa jarkar ta ji ta a bushe, sannan na jiƙa mata bayan hannu na ce ta hura. Ta ji sanyi. Na ce mata randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska tana busar da shi, kuma ruwan da yake bushewa yana tafiya da zafi. Wannan abin da kowace tsohuwa ta sani shi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya tsaya ya yi tunani a kai: ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sai ga gauta da take lalacewa a kwana uku tana kai kusan mako huɗu, ba wuta ba janareta. Da wannan ya ci kyautar da kamfanin agogo na Rolex yake ba masu ƙirƙira, ta shekarar 2000. Randa tana gidajenmu tun kaka da kakanni, amma sai da aka sami wanda bai raina tambayar ba.

Ɗalibar Jami'a:
Iyayena da malamaina, ina neman izini in ƙara wani abu, domin yadda ake yawan ba da labarin Mpemba yana sa mutum ya ɗauka an gama magana, yaro ya yi daidai malamai sun sha kunya. Abin bai kai nan ba. Tun zamanin Aristotal, masanin falsafar Girka na dā, an rubuta cewa ruwan da aka ɗumama yana saurin daskarewa, kuma masanan Turai Francis Bacon da Descartes su ma sun ambata, amma har yau masana ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba, wasu ma ba su yarda abin yana faruwa ba. An kawo dalilai da dama. Ruwan zafi yana rasa wani ɓangarensa ta tururi, don haka abin da zai daskare ya ragu. Tafasawa tana korar iskar da ta narke a cikin ruwa. Mazubi mai zafi yana narkar da ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa ya zauna daram a kan ƙarfen firiji, sanyi ya fi saurin ratsa shi. Sannan ruwa ba lallai ne ya daskare da zarar ya kai digiri sifili ba, yakan sauka ƙasa da haka yana nan a ruwansa, kuma iyakar saukar ta bambanta daga kofi zuwa kofi.

A 2012 ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Birtaniya ta sa gasa da kyautar fam 1,000 ga wanda ya kawo bayani mafi gamsarwa, aka turo amsoshi wajen 22,000, kuma duk da an ba da kyautar, maganar ba ta mutu ba. A 2016 wasu masana biyu, Henry Burridge da Paul Linden, suka auna abin da tsananin kulawa a Ingila, suka ce ba su ga hujjar cewa ruwan zafi yana riga na sanyi hucewa ba. Sun nuna cewa idan aka ɗan gusar da ma'aunin zafi sama ko ƙasa a cikin mazubi, ko da da santimita ɗaya ne, ana iya samun sakamakon da zai yi kama da abin da Mpemba ya faɗa alhali kuskuren awo ne.

Tsohon Hedimasta:
To kun ji. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ashe dai malamin da aka mayar azzalumi a labarin yana iya yiwuwa shi ne mai gaskiya.

Malamin Kimiyya:
Ranka ya daɗe, ko da a ce gobe an tabbatar ruwan zafi ba ya riga na sanyi daskarewa, wannan ba zai wanke malamin ba, domin ba a kan amsar aka kama shi ba. Yaro ya zo masa da abin da ya gani da idonsa, firijin yana nan cikin makaranta, madara da kofi ba su gagara ba, amma ya zaɓi ya ce masa ka ruɗe. Na biyun ya fi muni, domin ya mayar da sunan yaron abin dariya, kuma duk yaron da yake ajin nan ya koyi darasi a ranar, cewa wanda ya kawo abin da ba ya cikin littafi zai sha kunya. Osborne ma da farko ya zaci yaron ya yi kuskure, hujjar da kuka kawo ta digiri 35 ya san ta sarai. Abin da ya bambanta shi da su kalma biyu ce, "ka gwada?" da "ban sani ba", kuma ba sa cin minti ɗaya daga cikin arba'in ɗin da kuka ambata.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi tsaya mini a rai. Ma'aikacin ɗakin gwajin da Osborne ya sa ya jarraba ya dawo ya ce masa mai zafin ne ya fara daskarewa, amma za su ci gaba da maimaitawa har sai sun sami sakamakon da yake daidai. Wato shi ma abin da idonsa ya gani bai isa ya ture abin da aka karantar da shi ba. Irin wannan tarbiyya muke ba ɗalibanmu a darasin gwaji, inda yaro yake rubuta lambar da ya san malami yana so, ba wadda ma'auni ya nuna masa ba.

Baban Halima:
Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, amma akwai abin da nake so Alaramma ya warware mini. Mun taso muna jin cewa addini ya hana yawan tambaya. Ana kawo mana ƙissar Banu Isra'ila da aka ce su yanka saniya suka yi ta tambayar launinta da shekarunta har suka tsananta wa kansu, da ayar Suratul Ma'ida da ta ce kada mu tambayi abubuwan da idan aka bayyana mana za su ɓata mana rai, da Annabi Musa da Halliru ya sharɗanta masa kada ya tambaye shi komai. Shin wannan koya wa yara yawan tambaya da ake kira gare shi bai ci karo da tarbiyyarmu ba?

Alaramma:
Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka yi tambayar a fili, domin mutane da yawa suna riƙe da ita a zuci. Abin da aka hana shi ne tambayar taurin kai da neman kauce wa umarni, irin ta mutanen saniya, da tambayar da za ta jawo a wajabta wa mutane abin da aka yi shiru a kansa lokacin da wahayi yake sauka. Wannan ita ce 'yar'uwar tambayar ƙure da Hedimasta ya ambata. Amma tambayar wanda bai sani ba umarni aka yi da ita, a Suratun Nahli da Suratul Anbiya, cewa ku tambayi ma'abota sani idan kun kasance ba ku sani ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Mujahid kuma ya ce mai jin kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi.

Hadisin da ya fi dacewa da wannan zance shi ne wanda Abu Dawuda ya ruwaito, na mutumin da dutse ya fasa wa kai a halin tafiya, sannan wanka ya wajaba a kansa. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga sauƙi gare shi ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce su ne suka kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba, ai maganin rashin sani tambaya ce. Ku lura da kyau, mamacin ya yi tambayarsa. Waɗanda aka zarga su ne waɗanda suka amsa da abin da ba su da tabbas a kai. An kuma ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba", kuma wannan bai rage masa komai ba a idon mutanen Madina. Mu da muke bin mazhabarsa mu ne kuma muka fi jin nauyin furta wannan kalma, daga malamin zaure har na boko.

Ma'aikaciyar Jinya:
Allah ya gafarta Malam, wannan hadisi kamar a asibiti aka faɗe shi. Mace za ta karɓi maganin ɗanta, a yi mata bayani da sauri cikin Turanci rabi Hausa rabi, ta ce to, ta fita. Sai a bakin ƙofa take tambayar wata mai jiran layi ko cokali nawa aka ce. Idan ka bincika, ba rashin hankali ba ne, an taɓa gwasale ta ne a gaban jama'a, ta ɗauki alkawarin ba za ta sake ba. Mu ma'aikata muna da kaso babba a wannan laifi.

Ina so kuma in tuna mana abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ƙananan yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa. Yanki ne da aka saba da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, don haka nan tunani ya fara tafiya, amma magungunan ba su yi aiki ba. Kafin nan agwagi sun riƙa mutuwa a garuruwan, ba wanda ya tsaya ya bi ba'asi, domin wa zai tayar da hankali a kan agwagwa? Sai da likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka tura jinin yaran aka auna, aka ga gubar dalma ce mai yawan gaske. Tushenta duwatsun zinare ne da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara wajen 400 suka rasu. Tambayoyin da suka buɗe al'amarin ba masu wuya ba ne: me ya sa ƙananan yara ne suka fi mutuwa, me ya sa a waɗannan garuruwa, kuma mene ne sabo da ake yi a gidajen nan da ba a yi a da?

Tsohon Hedimasta:
Hajiya, Allah ya jiƙan yaran nan. Ban ce a toshe bakin ɗalibi ba, kuma izgili da sunan yaro ban taɓa yarda da shi ba a makarantar da na riƙe. Abin da nake tsoro shi ne mu ɗora wa malami nauyin da ba a ba shi kayan ɗauka ba. Wanda ya ce "ban sani ba, zan bincika" dole ne ya kasance yana da inda zai bincika, in ba haka ba sau uku zai faɗa yara su daina ganin girmansa, iyaye kuma su ce an kawo musu wanda bai iya ba. Abin da na ga yana aiki shi ne a ware wa tambaya lokacinta. Wata malama da muka yi aiki tare takan ajiye gwangwani a kan tebur, duk mai tambaya ya rubuta a takarda ba suna ya jefa, ranar Alhamis ta buɗe. 'Yan mata da ba a taɓa jin muryarsu ba su suka fi cika shi, kuma masu ƙure suka rasa 'yan kallo, domin ba wanda ya san mai tambayar.

Maman Sadiq:
Wannan dabara ta yi, Baba. Amma ni yanzu maganar ruwan ce ta hana ni sukuni. Ƙanwata ɗaliba, idan mutum yana so ya gwada da yara a gida, yaya zai yi?

Ɗalibar Jami'a:
Anti, abu ne mai sauƙi, sai dai a kiyaye wasu sharuɗɗa. A sami kofuna biyu na ƙarfe iri ɗaya, kada a yi amfani da gilashi domin yana iya fashewa, kuma babba ne zai riƙe ruwan zafin ba yaro ba. A auna ruwan daidai, daga mazubi ɗaya. Kafin a fara, a yi shawara da yaran a kan abin da za a kira daskarewa, shin fatar ƙanƙara ta farko a sama ce, ko sai ruwan ya zama dutse gaba ɗaya, domin yawancin saɓanin da ke tsakanin masu gwajin nan daga nan yake tasowa. A ranar farko a ɗora kofunan kai tsaye a kan ƙanƙarar firiza, a rana ta biyu a sa katako ko kwali a ƙarƙashinsu, a rana ta uku a rufe bakinsu don a hana tururi fita, kuma kowane lokaci a musanya musu wuri, domin firiza ba ta raba sanyi daidai a kowane lungu. A zaɓi lokacin da ake sa ran wuta za ta daɗe, in an ɗauke a tsakiya a soke gwajin ranar. A sa yaran su rubuta abin da suka gani ko da ya saɓa wa na jiya.

Kada a yi mamaki idan mai sanyin ne ya riƙa cin tsere, domin hakan ya fi yawa. A 2020 wasu masana biyu a jami'ar Simon Fraser ta Kanada, Avinash Kumar da John Bechhoefer, sun nuna abin yana faruwa a fili kuma yana maimaituwa, amma da wani ƙanƙanin ƙwallon gilashi da ido ba ya gani, wanda suka sarrafa da hasken leza a cikin ruwa, ba da kofin ruwa a firiji ba. Na kofin ruwan har yanzu ana jayayya a kansa, don haka idan kun gwada ku turo mana da irin kofin, da yawan ruwan, da mintocin da kowanne ya ɗauka, mu haɗa mu kwatanta.